Sai Maigidan Ya Sa Hannu

Ƙarfe goma na safe aka kwantar da Malama a ɗakin haihuwa, ko allin da ke yatsunta ba ta wanke ba, don a aji naƙuda ta kama ta. Shekara bakwai tana jiran cikin nan. Likita ya duba, ya ce ɗan ya kwanta a gicciye, sai an yi tiyata da gaggawa. Ya miƙa wa nas takardar amincewa, ya ce a sa hannu a kawo masa ita, ya shige wani aikin.

"Ba ni biro," in ji Malama.

Nas ta rungume takardar a ƙirji. "Ina maigidan? Sai shi."

"Direba ne, yana hanya, wayarsa ba ta shiga. 'Yar'uwa, cikin nan a jikina yake. Na yarda."

"Ba ma yin haka a nan. Bara wani ya kusa rushe mana ɗaki don an yi wa matarsa aiki bai sani ba. Tun daga ranar, ba miji, ba tiyata."

Malama ta saki baki tana kallonta. Ita da ke sa hannu a sakamakon yara sittin kowane zango, iyaye su karɓa ba musu, yau hannunta bai isa a kan cikinta ba.

Aka kira wan mijinta. Ya zo da sauri, amma ya toge a bakin ƙofa.

"Ni in sa hannu a tsaga matar ƙanena? In wani abu ya faru fa? A jira mai abu."

Mai abu. Tana kwance tana jin su, sai ka ce akwatin ajiya ake magana a kai. Ta yi roƙo, ta yi kuka, ta haɗa su da Allah. Haƙuri kawai ake ba ta. Wajen ƙarfe ɗaya ta ce ɗan ya daina motsi, nas ta ce barci yake.

Ƙarfe biyu likita ya fito, ya gan ta inda ya bar ta, ya tsaya cak.

"Me take yi a nan har yanzu?"

"Mijin bai iso ba."

"Wa ya ce sai miji? Ba ga ta nan tana magana cikin hankalinta ba?"

Ya zare biro daga aljihunsa ya danƙa mata. Sa hannun da aka yi awa huɗu ana hana ta bai ci minti ɗaya ba.

Da ta farfaɗo, sai ta ga zanen goyon da ta saya a ninke yadda ta zo da shi. Namiji ne, bai zo da rai ba. Mahaifar kuma ta fashe, dole aka cire ta.

Bayan la'asar mijin ya iso, ya durƙusa gefen gadon yana kuka.

"Wallahi da an same ni, da na ce a yi."

"Ni na ce a yi," in ji ta a hankali. "Tun ƙarfe goma nake faɗa."



Jama'a, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mai ciki mutum ce cikakkiya. Idan ta yi magana a kan jikinta, a saurare ta tun kafin lokaci ya ƙure.