Kwikwiyon Maginiya

Kai da kake shirin miƙa amanarka don kawai an ce maka wane mutumin kirki ne, dakata ka ji wannan.

An yi wata tsohuwa maginiyar tukwane a wani ƙauye. Maciji ya sari karyar da ke tsare mata gida, ta mutu ta bar kwikwiyo guda, ko ido bai gama buɗewa ba. Tsohuwar nan ta raine shi da nonon akuya, tana ɗiga masa da tsumma, har ya yi ƙafa ya fara bin ta wurin aiki yana tattaka mata ɗanyun tukwane, tana zagi tana dariya. Ana nan sai ciwon gwiwa ya sa ta gaba, ɗanta ya ce ta dawo birni wurinsa a nema mata magani. To, shi a gidan haya yake, mai gidan kuwa ya rantse ko sawun kare ba zai gani a tsakar gidansa ba. Hankalin tsohuwa ya tashi, abinci ma ya daina shiga. Maƙwabta suka ce ta sake shi a bakin kasuwa mana, ai kare ba ya rasa juji. Ta ce Allah ya kiyaye, abin da ta raina da hannunta ba za ta bar wa yunwa da jifa ba.

Sai ga wani dillalin dabbobi, baki kamar zuma, ya ce a ba shi, nama ma sai kwikwiyon ya ture. Kowa ya ce ai ta dace, ta aika da shi kawai ta huta. Akwai kuma wani mai lambu can a fadama da ya taɓa cewa yana neman kare, amma duk gari an san shi da faɗa, gaisuwa ma da ƙyar yake amsawa. Aka ce mata kul, kada ta kuskura. Tsohuwa ta saka kwikwiyo a kwando, ta dogara sanda, ta nufi gidan dillali ba tare da ta sanar ba. Me za ta gani? Jakinsa ɗaure a tsakiyar rana, gyambo a baya, ƙudaje sun yi masa baƙi, kwatarniyar ruwansa ta bushe ƙayau. Ta gaida matan gidan, ta juya da kwandonta.

Haka ta ja ƙafa zuwa fadama, tana tafe tana hutawa. Ta tarar da mai lambu a gindin mangwaro ya ɗora kan wani tsohon kare a cinyarsa, karen da ko haushi ba ya iya yi, yana cire masa kaska a kunne ɗaya bayan ɗaya, yana ta yi masa faɗa kamar da mutum yake. Ga kasko a inuwa cike da ruwa, ga sauran tuwo a gefe. Bai ko ɗago sosai ba ya ce, "Iya, ajiye shi nan. Ki kuma matsa, kina taka min albasa." Kwikwiyo ya fito daga kwando, ya sha ruwa har cikinsa ya yi tulu, ya je ya lafe a jikin tsohon karen. Wallahi nan take tsohuwa ta ji kamar an sauke mata dutse daga ƙirji. Ta yi ajiyar zuciya, ta share ƙwalla da bakin zane, ta faɗa wa mutumin irin abin da cikin kwikwiyon ke ɗauka da wanda ba ya ɗauka. A ranar ta ci tuwo har da neman ƙari, ta shiga motar birni hankalinta kwance.

Da ta bi ta bakin mutane, da ta kai shi inda jaki ke ƙishi. Shi ya sa Hausawa suka ce, gani ya kori ji.