Ranar da Ramlatu Ta Shiga Ruwan Sama

Shekara ashirin Ramlatu tana gudun ruwan sama, don sanyi kaɗan sai sikila ta kwantar da ita. Bara aka fara liƙa wa masu ciwon wani magani a damtse, mai hana fararen ƙwayoyin jini manne wa jijiya. Ita ma an liƙa mata.

Yau hadari ya haɗu, ta ƙi barin tsakar gida.

"Ke, shigo ɗaki!" in ji Inna.

"Haba Inna, wata bakwai fa ban kwanta ba."

"Ƙayar da ta soke ki jiya ko kumbura ba ta yi ba. Ni abin tsoro yake ba ni."

"An wanke a asibiti."

Ruwa ya kece. Inna ta fito da bargo a guje, tana jiran kuka. Dariya ta ji. Tana nan tsaye tana kallo har bargon ya jiƙe.