Ƙwaryar Inna

Hadari ya haɗo baƙi ƙirin bisa duwatsun Keita lokacin da matashiya mai binciken yanayi ta saki igiyar da ke hannunta. Ƙaton balan-balan ya yi sama da 'yar na'urar da za ta haye gajimare, ta auno wutar da ke haifar da walƙiya. Shekaru ta yi a jami'a tana jiran wannan la'asar.

Duk mutanen ƙauye sun shige ɗaka, ban da innarta. Tsohuwar ta kafe a bayanta cikin iska, rungume da ƙwarya rufe da faifai.

"Inna, don Allah ki koma gida!"

"In kin koma, ni koma."

Haushi ya kama ɗiyar. Matar da ko daga nesa ta ji tsawa sai ta toshe kunne tana salati, yau ita ce a fili? Da ƙyar ta ja ta cikin mota. Wani abokin aikinta ya miƙa hannu yana zaton fura ce, tsohuwar ta galla masa harara.

Ruwa ya kece, aka yi ta tsawa. Sai da awon ya gama shigowa, sama ta washe, sannan inna ta ɗaga faifan. Madara ce sabuwar tatsa, irin wadda ake kwarara wa wanda aradu ta faɗa wa.

Ta miƙa wa ɗiyarta.

"Alhamdu lillahi, ba a buƙace ta ba. Sha, kar ta yi tsami."