Allo Mai Riƙo

Tun da hukuma ta wajabta wa kowa ƙaramin allo mai manhajar Afuwa, gaba ta ƙare a Funtuwa. Ka cuci mutum, ka ce "yafe ni", allonsa ya goge shaidar. Haka Alhaji Ɗanlami ya cinye gonar marigayi yayansa Malam Garba, ya bar matar, Hajiya Talatu, da allo fes.

Ranar da sababbin alluna masu manhajar Riƙo suka iso kasuwa, ta riga kowa zuwa.

"Hajiya, Afuwa ce ta dace da ƙaramin allo," in ji mai shago. "Riƙo nauyi gare ta. Ba ta mantuwa, ba ta kashuwa."

"Ita nake so, ɗan nan."

A hanya ta faɗa wa allon magana guda. Ta kai wa Ɗanlami a zaurensa, gaban baƙi. Ba a mayar wa matar yaya kyauta, don haka ya karɓa hannu biyu.

"Na gode, Yaya."

"Ai zumunci ne."

Allon ya gyara murya: "Gonar Malam Garba, daga rafi zuwa tsamiya."

Ɗanlami ya tura shi aljihu, ya ci gaba da zuba wa baƙi shayi. Aljihun ya maimaita.