Ƙafa Mai Ɗumi

Da ɗuminta aka ɗaura mini ƙafar robar, ni kuwa sakarai na ɗauka ɗumin sabunta ne.

"Washe baki mana, Kofur," in ji mai hoto. "Ba fagen daga kake ba."

Na washe. Tun da nakiya ta cinye ƙafata nake neman aikin gadi, ana ce mini ba a ɗaukar mai dogara sanda. Yau kakata ta yanke saƙa.

Attajirin da ya shirya taron karrama tsofaffin sojoji ya ɗaga sandunana sama. "Daga yau ya rabu da waɗannan!" Ya sa aka karya su. Aka yi ta tafi, ni har da sara masa.

Ana kai ni bayan labule, hadiminsa ya durƙusa yana kwance maɗaurin. "Haƙuri, Baba, ita kaɗai ce, kuma akwai layi."

A ƙasa na ga waɗanda suka riga ni, zaune, babu ƙafa babu sanda. Wani tsohon Saje ya matsa mini wuri.

"Zauna, Kofur. Kai wa zai goya ka gida?"