Takalman Umma a Hampi

Ina shekara tara Umma ta ɗauke ni daga Jidda zuwa Indiya, za a yi mini aikin zuciya. Muna jiran ranar aikin, wani direba ya kai mu Hampi, kufan tsohon birnin sarakunan Hindu. A ƙofar wani rusasshen ɗakin bauta Umma ta tuɓe takalmanta, ga dutsen da zafi kamar tanda.

Na ce, "Haba Umma, sa takalmanki, ai ba masallaci ba ne."

Ta ce, "Na sani. Amma wata uwa ta taɓa tsayawa nan tana kuka saboda ɗanta."

Na warke. Bara Umma ta rasu. Takalmanta suna bakin ƙofarmu a unguwar Hindawiyya ta Jidda, har yau na kasa ɗauke su.