Makiyayin da Ba Shi da Fuska

"Ba zan ajiye ba," na ce wa jami'in karɓar kayan hauren giwa.

Malam Dogara ne, dattijon unguwarmu a Wusasa. Ya sake turo mini faranti. "Haba Rifkatu, ke da kika yi karatu? Tunda dokar nan ta hana riƙe haure ta fito, kowa nasa yake kawowa, inji ya ba shi sabo. Ga naki ma ya fito."

Na ɗauki sabon. Siffar makiyayi ce saɓe da ɗan rago, tsawon ɗan yatsa, kamar nawa na haure da nake ratayawa a wuya. Sai dai shi yana da idanu, har da murmushi, irin murmushin da ke fuskar duk sauran da aka jera a tebur. Nawa ba shi da fuska. Babban yatsan kakata ne ya shafe ta wajen addu'a, na mahaifiyata ya ƙarasa.

"Baba, wannan bai san gidanmu ba."

Ya yi dariya. "Taurin kan uwarki, ba ki bar komai ba. To, ki gaida gida."

Na mayar da nawa wuya, na fito raina fari.

Ƙofar tashar jirgin ƙasa, mai na'urar gano haure, ta ji nawa, ta ƙi buɗewa, sai na kama hanya da ƙafa ina waƙar coci. Ƙofar makarantar da nake koyarwa ma irinta ce, ba za ta ƙara buɗe mini ba. Na rasa aikina, kuma na san haka tun kafin in buɗe baki.